Bashin da ke Kan Mai Kallon Ruwa

A ƙasar Tanzaniya akwai wani gandun daji na ƙasa da ba a shiga cikinsa da mota. Sunansa Udzungwa, yana da nisan kusan kilomita 350 daga Darussalam. An kafa shi a 1992, faɗinsa murabba'in kilomita 1,990, kusan dukkansa duwatsu ne da kurmi, kuma ba a shimfiɗa titi a cikinsa ba. Ko minista ne kai ko ɗan makaranta, a ƙofa za ka bar mota ka kama sanda. Abin da ya fi jan mutane zuwa can shi ne magangarar ruwa ta Sanje, inda kogi ke faɗowa daga kan dutse tsawon kimanin mita 170, ya sauka a kwarin Kilombero.

Masu zuwa irin wannan wuri suna da wata magana da suke yawan yi idan sun sauko. Za ka ji mutum yana cewa ya sha wuya, ƙafafunsa kamar ba nasa ba, amma kwalliya ta biya kuɗin sabulu. A ƙarƙashin wannan magana akwai wani lissafi da ba a furta shi: na biya kuɗin shiga a ƙofa, na biya gumi a kan hanya, abin da na gani a sama ya zama haƙƙina, mun rabu da wurin ba kare bin damo. Wannan lissafi nake so mu duba. Shin gumi yana sayen kallo? Wanda ya hau, ya gani, ya sauko, da sauran bashi a kansa ko babu? Ni a ganina akwai, kuma bashin ya fi abin da aka karɓa a ƙofa nauyi.

Abin da ƙafa ke koya wa ido

Bari mu fara ba wahala haƙƙinta, don ba ƙarya masu hawa suke yi ba. Tafiyar tana farawa ne daga ƙauyen Sanje, a gefen hanyar da ta tashi daga Mikumi zuwa Ifakara. Ba a barin kowa ya shiga shi kaɗai, sai da ɗan jagora. Zuwa da dawowa yakan ci awa huɗu zuwa biyar. Ƙasan dutsen akwai zafi da gumi, irin zafin da ke manna wa mutum riga a baya. Hanyar siririya ce, ga saiwoyi, ga santsi idan an yi ruwa. Tun ba a yi nisa ba hira take mutuwa, kowa ya koma sauraron numfashinsa. Daga nan kunne ke buɗewa. Ka ji reshe ya motsa a sama, ka ɗaga kai, ka ga wani jan biri da ba a samun irinsa ko'ina a duniya sai a waɗannan duwatsu. Ƙarar ruwan takan zo ta ɓace, ta sake dawowa idan hanya ta karkata, har mutum ya riƙa zaton ya iso alhali da saura.

Wanda ya iso kan dutsen bayan wannan tafiya, ba irin kallon wanda aka sauke daga mota yake yi ba. Mita 170 a wurin mai mota lamba ce da aka rubuta a allo. A wurin mai ƙafa kuwa cinyoyinsa ne suka auna ta. Sanyin feshin ruwan ma sai wanda ya sha zafi yake sanin daɗinsa. Mu da muka tashi a inda ruwa ke zuwa wata uku ko huɗu ya tafi, mun fi kowa sanin haka. Ɗan Abzin da ya ratsa duwatsu ya iso magangarar Timiya ba ya bukatar a yi masa bayanin darajar ruwa mai zuba. Sai an sha wuya akan sha daɗi, in ji masu magana, kuma a nan maganar tasu ta zauna daram.

Akwai kuma wani adalci a cikin hawa. Dutse bai san muƙami ba. Mai kuɗi zai iya sayen takalmi mai kyau, amma ba zai iya ɗaukar wani ya yi numfashi a madadinsa ba. A duniyar da kusan komai ake tsallake layinsa da kuɗi ko da sanayya, samun wurin da kowa sai ya taka da ƙafarsa abu ne da ya kamata a riƙe da kyau.

Wani zai ce rashin titi zalunci ne ga tsoho da gurgu da mai ciwon zuciya. Gaskiya ne an rage musu wani abu, ba za a ɓoye ba. Daga ƙasa, a kan hanyar mota, ana hango ruwan kamar farin zane da aka shanya a jikin dutse, amma hange dabam, isa dabam. Sai dai titin da zai kai tsoho sama shi ne zai sauko da motar katako ƙasa. Kurmin da aka ratsa da titi ba ya daɗewa yana kurmi. Idan aka yi haka, tsoho zai iso, amma abin da ya zo gani ya riga ya tafi.

To ke nan wahala tana da amfani: tana gyara mai kallo. Abin da ba ta yi shi ne mallaka masa abin kallon. Kakanninmu da suka tafi aikin hajji a ƙasa, ta Chadi da Sudan, wasu shekara da shekaru suna tafe suna aikatau a hanya, sun dawo da wani abu a zuciya da tafiyar ta dasa musu. Amma babu wanda ya dawo yana cewa wahalarsa ta sa Makka ta zama tasa. Ƙara ganin ƙanƙantar kansu suka yi.

Abin da ake hangowa daga sama

A saman magangarar akwai shimfiɗaɗɗen dutse da ake tsayawa a kai, ruwa na wucewa ta gefenka ya faɗa ƙasa. Daga nan kwarin Kilombero yake buɗe maka. Abin da ya cika ido shi ne kore shar na gonakin rake na kamfanin sukari, da fadamun shinkafa. Ta cikin kwarin ne layin dogo na TAZARA, wanda ƙasar Sin ta gina a farkon shekarun 1970, ya ratsa zuwa Zambiya, yana tsayawa a Mang'ula inda hedikwatar gandun take. Idan ka sauke idonka kusa, tsakanin gindin dutsen da gonakin rake, za ka ga rufin kwano jere a wani siririn fili. Ƙauyuka ne. Ta yamma gandun daji ya tare su, ta gabas rake ya tare su. Yawancin masu kallo suna ɗaukar hoton kwarin, rufin kwanon ya shiga hoton ba tare da sun lura da shi ba.

Mutanen waɗannan ƙauyuka da itace suke girki. Da aka kafa gandun a 1992, hukuma ta san ba su da wani dajin, sai ta bar musu ƙofa: a wasu ranakun mako da aka keɓe, ana iya shiga a tsinci busasshen itacen da ya faɗi da kansa, ba sara ba yanka. Haka aka yi kusan shekara 20. A 2011 aka rufe wannan ƙofa gaba ɗaya.

Yanzu mu dawo kan lissafin mai hawa. Ya ce gumi ne ya ba shi haƙƙi. To ga wata mace da ta yi shekaru tana hawa gefen wannan dutse, ba da takalmin hawa ba, ba da gorar ruwa mai sanyi ba. Ta hau da gammo a hannu, ta sauko da dami a ka, wataƙila da goyo a baya. Shi sau ɗaya ya hau a rayuwarsa, ita duk mako. Shi ya sauko da hoto, ita da abin da za ta dafa wa yara abinci. Idan gumi ne ke ba da haƙƙi a kan dutse, wa ya fi wani? Amma yau shi ake buɗe wa ƙofa da maraba, ita kuwa idan aka gan ta a ciki da igiya mai laifi ce. Hujjar gumi da mai hawa ya kawo, ita ce ta fara kayar da shi.

Shirun da ya ji daɗinsa a hanya, da rashin ganin kowa sai birai, da kututturan da ya gani a kwance gansakuka ta rufe su har ya ce kurmin kamar ba a taɓa shigarsa ba, duk wannan ba haka kawai ya samu ba. An samar da shi ne ta hanyar hana wasu shiga. Gidan da ba ya da itace sai ya sayi itace ko gawayi da kuɗin da a da na cefane ne, ko ya koma ƙona ɓuntun shinkafa da karan gona, ko a rage abin da ake dafawa. Wannan shi ne kuɗin kallon na gaskiya, kuma ba daga aljihun mai kallo ya fita ba.

Ba a Udzungwa aka fara ba. A ƙasar Tanzaniyar nan, a 1959, an fitar da Masai makiyaya daga Serengeti domin a bar wa namun daji da masu kallonsu. Mu ma a yankinmu mun san labarin: gandun W da Nijar da Benin da Burkina Faso suka haɗa, tun zamanin Faransawa aka shata shi, ya zama gandun ƙasa a 1954, kuma makiyayin da ya tsallaka iyakarsa da shanu a lokacin rani ya san abin da ke jiransa. Kusan duk inda ka ga daji mai kyau an kewaye shi, idan ka tambaya za a nuna maka waɗanda aka kewaye a waje.

To a buɗe ƙofar mana?

Mai tausayi zai yi saurin yanke hukunci: tunda haka ne, a rushe dokar, a bar mutane da dajinsu, cikin ɗan Adam ya fi biri. Maganar tana da daɗin ji, kuma da za a tsaya a nan da rubutun ya zo da sauƙi. Amma a cikin waɗannan duwatsu na Udzungwa akwai wata magangara da ta ba da amsa.

Kudu da gandun, a wajen iyakarsa, kogin Kihansi yana faɗowa cikin wani kwazazzabo mai zurfi. Ƙarfin faɗuwar yana tayar da feshi dare da rana, feshin ya jiƙa wani ɗan fili da bai wuce hekta 2 ba. A wannan ɗan fili, kuma a nan kaɗai a duk duniya, wani ɗan ƙaramin kwaɗo mai ruwan ɗorawa yake rayuwa, tsawonsa bai kai rabin yatsa ba. Ba ya saka ƙwai a ruwa kamar sauran kwaɗi, haihuwar ƴaƴansa yake yi. Masana sun gano shi a 1996, lokacin ana tsakiyar gina madatsar ruwa a saman kogin da rancen Bankin Duniya, domin samar da lantarki megawat 180. Da aka fara aiki da madatsar, kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan ya bi ta rami zuwa injuna. Feshi ya ɗauke, fili ya fara bushewa. Aka kafa famfunan feshi don a kwaikwayi abin da magangarar ke yi kyauta. A shekarar 2000 aka kwashi kwaɗi 499 a jirgin sama zuwa gidan namun daji na Bronx a birnin Niyok na Amurka, don gudun kada a rasa irin. Waɗanda suka rage a gida, ga ƙarancin feshi ga wata cutar fata mai kashe kwaɗi, suka ƙare. A 2009 ƙungiyar IUCN ta bayyana cewa babu shi a daji. Sai a 2012 aka fara mayar da jikokin waɗanda aka kai Amurka zuwa kwazazzabon, inda har yanzu famfo ne ke riƙe da su.

Ba ina cewa Tanzaniya ta yi laifi da ta nemi wuta ba ne. Duk wanda ya taɓa kwana a asibitin da babu lantarki ba zai raina megawat 180 ba. Abin da Kihansi ke koyarwa shi ne, abin da aka yi dubban shekaru ana ginawa yana iya rushewa a ƴan shekaru, kuma kuɗin gyara ya fi kuɗin kiyayewa nesa ba kusa ba, in ma gyaran ya yiwu. Magangara ba ruwa ne kawai da ke zubewa a banza ba. Gida ce ga halittun da ba su da wani gidan.

Haka dajin Sanje. Hukumar gandun ba don mugunta ta hana tsintar itace ba. Busasshen kututture a kurmi ba shara ba ne: ƙwari da tsutsotsi a cikinsa suke, tsuntsaye da ƙananan dabbobi a kansu suke ci, idan ya ruɓe shi ne takin ƙasa. Kuma a cikin masu shiga da igiya akwai masu shiga da tarko. Masu bincike da suka shafe shekaru suna ƙirga birai sun kwatanta kurmin da ke cikin gandun da wani kurmi na kudancin duwatsun da ba ya samun tsaro irin nasa, suka ga a na ciki birai suna nan yadda suke, a na waje kuwa suna ta raguwa saboda farauta da sara. Ga kuma babban dalili: kurmin nan shi ke riƙe ruwan sama ya riƙa sakin sa a hankali. Shinkafar kwarin, da raken, da rijiyar ƙauyen, duk daga kan dutsen suke sha. Ranar da dutsen ya zama sanƙo, matar da ke neman itace ita za ta fara rasa ruwa.

Ashe abu biyu ne gaskiya a lokaci guda. Kiyaye dajin daidai ne. Kuma nauyin kiyayewar ya faɗa kan wanda ya fi kowa rauni, amfaninsa kuwa ya bazu har ga mai kunna fitila a Darussalam da baƙon da ya zo daga wata nahiya. Wanda ya riƙe ɗaya ya saki ɗaya bai yi adalci ba.

Darasin Sayyidina Umar

Keɓe wani yanki na ƙasa domin amfanin jama'a ba Turawa suka fara shi ba. A ƙasar Hausa muna da hurumi da burtali da makiyaya, wuraren da ba a nomawa don kowa ya amfana. A shari'ar Musulunci kuma akwai abin da ake kira hima. Manzon Allah (SAW) ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza domin dabbobin baitulmali. Imam Malik ya kawo labarin umarnin da Umar ya ba wani bawansa mai suna Hunayyu da ya ɗora a kan tsaron wurin. Ya ce masa ya sassauta wa mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, ya bar mai ƴan raƙuma kaɗan da mai ƴan tumaki kaɗan su shiga, amma ya tare garken Ibn Auf da na Ibn Affan. Dalilinsa kuwa, waɗannan biyun idan dabbobinsu suka halaka suna da gonaki da dabino da za su koma gare su, talaka kuwa idan nasa suka halaka sai ya kwaso ƴaƴansa ya zo ƙofar shugaba. Har ya yarda cewa mutanen wurin suna ganin an zalunce su, domin ƙasarsu ce, kuma da ba don larurar jama'a ba da bai keɓe musu ko taƙi ɗaya ba.

Dubi yadda aka jera abin. Umar bai ce keɓewa haramun ce ba, ya keɓe. Bai kuma ce tunda doka ce kowa ya sha daidai ba. Ya san hana mai garke da hana mai akuya uku ba hani ɗaya ba ne, ko da kalmomin dokar iri ɗaya ne. Ya kuma ƙi ɓoye wa kansa cewa akwai waɗanda aka tauye. Ya ɗauki keɓewar a matsayin larura da ake neman afuwa a kanta.

Yawancin gandayen zamaninmu sun juya wannan tsari. Mai hali ake buɗe wa, marar hali ake tarewa. Ba lallai ne gyaran ya zama a sake buɗe kurmin Sanje ga masu igiya ba, tunda mun ga dalilin rufe shi. Amma ma'aunin Umar yana nan: kafin ka rufe wa talaka ƙofa, ka tambayi kanka ina zai koma. Idan ba shi da inda zai koma, samar masa wurin komawa yana cikin kuɗin rufe ƙofar. Ba kyauta ba ce da za a yi masa in an ga dama.

Hukumar gandayen Tanzaniya tana da wani shiri da ta kira Ujirani Mwema, wato kyakkyawar maƙwabtaka, wanda ke gina azuzuwa da ɗakunan shan magani a ƙauyukan da ke kewaye da gandaye. A yankin Udzungwa an kuma yi ƙoƙarin raba dashen itatuwa da koyar da gina murhu mai tsimin itace. Duk abin yabo ne. Sai dai aji ba ya dafa tuwo, kuma itacen da aka dasa bana ba zai shiga murhu ba sai bayan shekaru, a ƙauyen da ma filin dashen ya yi ƙaranci. Diyya ta gaskiya ita ce wadda ta faɗa hannun wanda ya yi asarar, a lokacin da ya yi ta, kuma daidai da irin abin da ya rasa.

Ni ina ruwana?

Mai hawa zai ce: ni ban kafa doka ba, ban kori kowa ba, hutu na zo yi. Gaskiya ne ba shi da laifi. Amma bashi da laifi ba abu ɗaya ba ne. Wanda aka gayyata walima bai yanka ragon ba, amma idan ya ji cewa ragon na maƙwabci ne da ba a gama biyansa ba, ba zai ce shi dai nama ya ci ba. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Ta yaya ake askin? Na farko shi ne kuɗin ƙofa. Baƙo daga waje yana biya da dala, ɗan ƙasa yana biyan kaɗan da sulen Tanzaniya, kuma wasu baƙi suna ƙorafi a kan wannan bambanci. Bai kamata ba. Ɗan ƙasa ya riga ya biya nasa ta wata hanya. Mai neman a shigar da shi ta bayan fage don ya rage kuɗi, daga bakin masu gadi da ƙauyukan yake ragewa.

Na biyu shi ne inda sauran kuɗinsa ke sauka. Wanda ya taho da abincinsa da ruwansa da direbansa daga birni, ya hau ya sauko ya wuce, bai bar wa Sanje komai ba sai ƙura. Kwana a masaukin gari, cin abincin mai tuwo a bakin hanya, sayen ayaba da shinkafa a hannun manomi, biyan ɗan jagora ba tare da cinikin wulaƙanci ba, ta nan ne dajin da ke tsaye yake fara ciyar da maƙwabtansa. Ranar da ƙauye ya ga dajin tsaye ya fi masa amfani a kan dajin kwance, shi zai tsare shi fiye da mai bindiga.

Na uku, wanda aka fi mantawa, shi ne girmama sanin mutanen wurin. A 1979 masu bincike biyu daga waje suka ji kukan wani biri da ba su sani ba a wannan kurmi. Labarin ya zaga duniya cewa an gano sabon biri, aka sa masa sunan Sanje. Mutanen ƙauyen kuwa sun san shi tun kakanni, suna da sunan da suke kiransa. A 1991 wasu masu nazarin tsuntsaye daga Denmak suka fara cin karo da wata irin fakara da kimiyya ba ta sani ba, a ina? A cikin tukunyar abincin da aka dafa musu a sansani, ƙafafunta suka gani. Abin da littafi ke kira sabon ganowa, tsohon sani ne a wurin masu ƙasa. Kuma tun kafin a zo da takardar doka, akwai ƙololuwa da koguna a waɗannan duwatsu da mutanen wurin ke girmamawa ba sa taɓa itacensu, wannan ma yana cikin abin da ya sa aka tarar da kurmin a tsaye. Ɗan jagoran da ke gabanka ba alamar hanya ba ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka tambaye shi sunan itacen da harshensa, ka tambaye shi da me ake girki a gidansu yanzu, ka saurari amsar.

Na huɗu shi ne yadda za ka ba da labari idan ka koma. Yawancinmu hoto muke sakawa a Facebook: ga ni, ga ruwa a bayana, na ci dutse da yaƙi. Dutsen yana nan inda yake, ba wanda ya ci shi. Labarin da ya cika shi ne wanda ya haɗa da rufin kwanon da ke ƙasa. Wanda ya ce wa abokansa wurin aljannar duniya ce da ɗan Adam bai taɓa ba, ya ƙara shafe mutanen da aka riga aka tura gefe. Ba sai an ɓata wa kowa jin daɗi ba. A faɗi kyan, a faɗi wanda ya ɗauki nauyinsa.

Sauran kuwa sanannu ne: kada ka bar leda ko gora, kada ka tsinke, kada ka sassaƙa sunanka a jikin itace, kada ka ciyar da biri. Wurin da aka hana mai gida ɗaukar busasshen reshe, abin kunya ne baƙo ya bar shararsa.

Baƙo raɓa ne

Akwai masu ganin irin wannan tunani yana rage daɗin tafiya, mutum ya je hutawa a ɗora masa nauyi. Ni ina ganin akasin haka. Wanda ya ɗauka ya sayi kallo, idan ya tarar ruwan ya ragu saboda rani, ko hazo ya rufe kwarin, ko biran sun ƙi fitowa, sai ya ji an cuce shi, kamar wanda aka sayar wa kaya maras kyau. Wanda ya san baƙunta ya zo, abin da aka ba shi yake karɓa da godiya. Mai saye yana ƙirga abin da ya rage masa, baƙo yana ganin abin da aka yi masa.

Hausawa suna cewa baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Raɓa takan sauka da asuba, rana na ɗagawa ta tafi, kaba kuwa tana nan rani da damina. Mai hawa Sanje awa biyar zai yi ya wuce. Birin da kwaɗon da matar mai gammo su ne za su kwana da abin da aka yanke a kan dutsen, ko mai kyau ko maras kyau. Saboda haka ra'ayinsu da halinsu ya kamata su fi nasa nauyi a ma'auni, ko da shi ne mai dala.

Wannan bai tsaya a Tanzaniya ba. Duk ranar da ɗayanmu ya shiga Yankari ko Waza ko Zakuma ko Mole, ya ga giwa ta ratsa hanya ya ce masha Allah, to ya tuna akwai gonar da giwar ta bi ta ciki kafin ta iso gabansa, akwai kuma makiyayin da aka juya da garkensa don ciyawar ta tsaya. A ci gaba da tsare dazuzzukan, domin idan suka tafi ba sa dawowa. A ci gaba da hawa da ƙafa, domin ƙafa tana koya wa ido ladabi. Amma wanda ya isa sama ya waiwaya ƙasa, ya san a hannun wa ya ci bashi, ya kuma fara biya tun kafin ya bar garin.

Allah ya ba mu ikon sauke haƙƙin maƙwabci, na mutum da na dabba.